Tambaya da Amsa: Maganin Ƙanjamau Ne Ya Jawo Masa Tarin Fuka?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ƙanina ne aka gano yana ɗauke da cutar ƙanjamau, CD4 ɗinsa (ƙidayar wasu ƙwayoyin garkuwar jiki) 90. An duba kakinsa, an ɗauki hoton ƙirji, aka ce babu tarin fuka, aka ɗora shi a kan magani. Ya fara samun sauƙi, sai a mako na uku zazzaɓi ya rufe shi, kaluluwa ta kumbura a wuyansa, yanzu an ce tibi ce, wato tarin fuka. 'Yan gida na cewa maganin ne ya jawo, a daina. Ina gaskiyar take? — Wata mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya ba shi lafiya. Kada ya daina maganin. Tibi tana jikinsa tun kafin ya fara sha. Abin da ya sauya shi ne jikin ya samu ƙarfin yin faɗa da ita, kuma ƙurar faɗan ce kuke gani.

Ƙwayar cutar tibi tana bin numfashi har can cikin huhu. Masu fara tarar ta wasu manyan ƙwayoyin garkuwar jiki ne da ake kira makurofej, aikinsu su haɗiye baƙo su narkar da shi. Ita kuwa tana da ɓawo mai kauri da maiƙo, kuma tana hana ruwan narkarwar isa inda take. Sai ta yi zamanta a cikin wanda ya haɗiye ta, tana hayayyafa.

Bayan 'yan makonni ƙwayoyin CD4 da suka koyi kamanninta a kaluluwa sukan iso. Suna sakin wani sinadari, intaferon-gama, wanda ke zaburar da makurofej har ya iya kashe abin da ke cikinsa. Daga nan su taru su kewaye wurin da dunƙulen ƙwayoyi, abin da likitoci ke kira giranuloma. Ki ɗauke ta kamar ganuwa: ba a gama da abokin gaba ba, tsare shi aka yi. An ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa shaƙar ƙwayar, amma 5 zuwa 10 ne kawai cikin 100 ke kwanciya da ita a tsawon rayuwarsu.

Ganuwar ƙasa kuwa sai da yaɓe a kai a kai, kuma CD4 su ne maginan. Su ne ainihin waɗanda ƙanjamau ke shiga ta kashe, ta kuma fi son waɗanda ke kan aiki a kan waɗanda ke hutawa. Masu gadin tibi ba sa hutawa, shi ya sa suke cikin na farkon faɗuwa. Binciken da aka yi a kan masu haƙar zinariya a Afirka ta Kudu ya nuna haɗarin tibi na ninkawa tun a shekarar farko ta kamuwa da ƙanjamau, lokacin da ƙidayar CD4 ba ta yi wani ƙasa ba. In ba a shan magani, a wuraren da tibi ta yi yawa, haɗarin kan kusanci 10 cikin 100 a kowace shekara, ba a tsawon rayuwa ba. Ita ma tibi tana ramawa, domin zaburar da garkuwa da take yi na ƙara wa ƙanjamau saurin hayayyafa.

To me ya sa gwajin farko bai gani ba? Ramukan da ake gani a hoton huhun mai tibi, da kakin da ke cike da ƙwayoyin cuta, ɓarnar faɗa ce tsakanin garkuwa da cutar. Mai lafiya yana da CD4 tsakanin 500 da 1,500. A 90, babu ƙarfin da zai huda huhu, don haka hoton kan fito fes, kakin kuma ba shi da isassun ƙwayoyi. Madubin likita sai ya samu ƙwayoyi kamar 5,000 zuwa 10,000 a kowace mililita ta kaki kafin ya gani. A maimakon haka cutar kan bi jini ta watsu zuwa kaluluwa, ciki, rufin zuciya ko ƙwaƙwalwa. Ga irin ƙanin naki, na'urar GeneXpert ta fi dacewa: tana gano ƙwayoyi kaɗan cikin kusan awa 2, ta kuma nuna ko sun bijire wa rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tibi. Akwai kuma gwajin fitsari na LAM, na minti 25, wanda ya fi kamawa in CD4 ta yi ƙasa sosai. In ya nuna akwai, a yarda. In ya nuna babu, ba a wanke mutum ba tukuna.

Da ya fara magani, yawan ƙanjamau a jininsa ya faɗi cikin makonni, CD4 suka fara dawowa, suka tarar da tibi ta bazu ba mai tsaro, suka afka mata da ƙarfin da ya wuce kima. Wannan shi ake kira IRIS a taƙaice, wato kumburin farfaɗowar garkuwa. Yakan zo cikin watanni 3 na farko, musamman ga wanda ya fara da CD4 ƙasa da 100. Kaluluwar na iya ƙara girma ko ta yi ruwa ko bayan an fara maganin tibi, wannan kaɗai ba ya nufin magani ya gaza.

Maganin tibi wata 6 ne: wata 2 na haɗin magunguna huɗu, sai wata 4 na rifampicin da isoniazid. Kyauta ne a cibiyoyin maganin tibi na Najeriya da ake kira DOTS. Ga inda aka fi yin kuskure: rifampicin yana sa hanta ta yi saurin fitar da dolutegravir, wanda ke cikin ƙwayar TLD da yawancin masu ƙanjamau ke sha yanzu. Dole a ƙara masa dolutegravir miligiram 50, awa 12 bayan TLD, har zuwa mako 2 bayan kammala rifampicin. In aka manta da wannan ƙarin, ƙanjamau na iya farfaɗowa ta koyi bijire wa magani. Ki tabbatar ɗakin tibi da ɗakin ƙanjamau kowanne ya san abin da ɗayan ya rubuta. A tambayi Septrin don kare shi daga wasu cututtukan, da bitamin B6 saboda zugi da mutuwar ƙafa da isoniazid ke kawowa. Fitsari zai koma ja-ja, aikin rifampicin ne, ba jini ba.

In kumburin ya yi tsanani likita kan ba da prednisolone na kusan mako 4, amma sai ya tabbatar ba tibi mai bijire wa magani ba ce ko wata cuta daban. Kada a saya a kemis. Kada kuma a kai shi wurin wanzami a tsaga kaluluwar ko a yi mata sakiya, sai ta zama gyambon da ke tsiyaya wata da watanni. A asibiti da allura ake zuƙe ruwan, a kuma gwada shi. Ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, ruɗewa, idanu su yi rawaya, amai ba ƙaƙƙautawa, gani dishi-dishi ko numfashi sama-sama, kowanne na nufin asibiti a ranar, ba a jiran ranar kilinik.

Duk wanda ke kwana gida ɗaya da shi a duba shi. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 da duk mai ƙanjamau a gidan, in an tabbatar ba su da tibi mai aiki, a ba su maganin rigakafi: isoniazid kullum na wata 6, ko haɗinsa da rifapentine sau ɗaya a mako har mako 12 ga waɗanda suka kai shekara 2.