Wai da gaske ne yaran Caina awa uku kacal suke gem a sati?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Yarona kullum yana maƙale da PUBG, ko abinci sai an yi ta fama da shi. Ƙanina ne ya ce min wai a Caina gwamnati ta ƙayyade wa yara lokacin gem, kuma ai su suke yin gem ɗin. Da gaske ne ko zancen majalisa ne kawai? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumussalam Hajiya, ƙaninki bai yi ƙarya ba. Tun ƙarshen Agustan 2021 duk yaron da bai kai 18 ba awa ɗaya aka yarje masa na gem ɗin intanet, ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, ranar Juma'a da Asabar da Lahadi, sai ranakun hutun gwamnati. Kuma ba uwa ke riƙe da bulalar ba, kamfani ne, don sai ka yi rajista da sunanka na gaskiya da lambar katin ɗan ƙasa, tara na cika gem ya koro ka waje. Yara kuwa kin san su, sai su ɗauki katin kaka su shiga, shi ya sa Tencent, kamfanin Caina mai yin PUBG na waya, ya kawo duba fuska da kyamarar waya cikin dare, a ga ko tsohuwar ce da gaske ke harbi ƙarfe ɗaya.

Amma ni a ganina ba nan ƙarfin gwamnatin yake ba, a lasin yake. Babu gem ɗin da zai karɓi ko kwabo a ƙasar sai hukumar ɗab'i ta ba shi lamba, kamfanin waje kuma dole ya nemi na gida ya shiga ta hannunsa. A 2018 wajen wata tara aka yi ba a ba kowa lasin ba, aka sake rufewa daga tsakiyar 2021 sai Afrilun 2022, ƙananan kamfanoni da yawa a lokacin suka kwanta dama.

PUBG ɗin da yaronki ke bugawa ma ai ya ɗanɗana. Tencent bai samu izinin cin kuɗi da shi a gida ba, sai a Mayun 2019 ya sauke shi ya fito da Game for Peace, kusan abu ɗaya, amma babu jini, a lokacin in ka harbi mutum sai ya durƙusa ya ɗaga maka hannu alamar sai an jima. Wallahi farkon ganinsa sai ka yi dariya.

Sai dai gwamnatin ma takan ja da baya in ta ga kasuwa ta girgiza. Disambar 2023 an fitar da daftarin dokar rage dabarun sa 'yan wasa kashe kuɗi, a yini ɗaya hannun jarin NetEase, wani babban kamfanin gem na Caina, ya zube da kusan kashi 25 cikin ɗari, kafin Janairu ya ƙare an cire daftarin daga shafin hukumar.

Dokar awa ukun dai a cikin Caina ta tsaya Hajiya, wanda ke wayar yaronki na ƙasashen waje ne, ba ruwansa da ƙarfe tara.