Re: Me ya sa ChatGPT ke ba ni amsa marar kan gado?

Ɗan'uwa ka ce ka rubuta mishi "ya zan fara kiwon kaji" sai ya jero maka bayanin da ko a ina za ka samu. To gaskiya matsalar tun daga tambayar take. Shi fa bai san ka ba, bai san a Zariya kake ko a Landan ba, bai san nawa ne a aljihunka ba, daga kalmomin da ka ba shi yake hasashen abin da zai biyo baya, in ka ba shi kaɗan dole ya cike gurbin da amsa ta gama-gari.

Kafin ka taɓa waya zauna ka tambayi kanka, buroila (kajin nama) kake so ko masu ƙwai? Don buroila sati 6 zuwa 8 ka sayar, masu ƙwai kuwa sai wajen wata 5 kana zuba abinci kafin ka ga ƙwai ɗaya. In kai kanka ba ka yanke wannan ba wallahi babu manhajar da za ta yanke maka.

Sai ka rubuta garinku, jarinka, girman ɗakin, ko lokacin zafi za ka fara, ka ce ya yi maka tambayoyi kafin ya amsa. Farashin abincin kaji kam je kasuwa ka tambaya, don ChatGPT yakan ƙago lamba.