Hawan Tudun Windy Gyle a Iyakar Ingila da Sikotilan

Tambaya: Ina karatu a birnin Newcastle, kuma ina sha'awar hawan Windy Gyle da ke tsaunukan Cheviot. Tunda tsayinsa mita 619 ne kacal, zan iya zuwa ni kaɗai ba tare da wani shiri na musamman ba?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ƙarancin tsayinsa ya ruɗe ka, domin abin tsoro a wannan tudu shi ne nisansa da mutane. Yana kan iyakar Ingila da Sikotilan, a fili fetal wanda babu itatuwa sai ciyawa da tumaki, inda mutum zai yi sa'o'i yana tafiya bai ga gida ba, waya kuma takan rasa sabis a cikin kwari. Idan hazo ya sauko, tuddan nan duk kamanninsu ɗaya ne, saboda haka taswirar takarda ta Ordnance Survey (hukumar zana taswira ta Birtaniya) mai lamba OL16 da kamfas (na'urar nuna gabas da yamma) sun zama dole, tare da sanin yadda ake aiki da su.

Ƙasar wurin ita ce ta fi wahalar da baƙo. Baƙa ce, mai laushi, tana riƙe ruwa kamar soso, kuma ƙafa takan nutse har gwiwa ko da ido ya ga ciyawa a sama. Shi ya sa aka shimfiɗa faffaɗan duwatsu a wasu sassan Pennine Way, doguwar hanyar ƙafa wadda ke bin shingen iyakar a wannan yanki kafin ta ƙare a ƙauyen Kirk Yetholm. Ka bi duwatsun nan, ka sa takalmi mai hana ruwa shiga, ka riƙe rigar ruwa da ta sanyi ko da rana ta fito, domin iskar da ke saman tudun tana saurin daskarar da jiƙaƙƙen jiki.

A ƙololuwa za ka tarar da tsohon tarin duwatsu da ake kira Russell's Cairn, wanda ya samo sunansa daga Lord Francis Russell da aka kashe a 1585 yayin wani taron sulhu na masu tsaron iyaka.

A ganina, zuwan farko ya kamata ya kasance da abokin tafiya, tsakanin Mayu da Satumba, domin a Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma. Idan ka biyo ta kwarin Coquet, ka lura da jar tutar filin atisayen soja na Otterburn, kada ka shiga inda aka ɗaga ta. Ka sanar da wani hanyar da za ka bi da lokacin dawowarka, idan kuma hatsari ya auku, ka kira 999 ka nemi 'yan sanda, su ne za su haɗa ka da masu ceto a tsauni.