Ruwa ya cinye mana shinkafa: wa ya kamata ya biya?

Tambaya: Malam, ni manomi ne a gefen kogin Haɗeja. Ambaliyar 2022 ta cinye mana shinkafa. Ina jin a rediyo ana cewa manyan ƙasashe su biya diyya saboda sauyin yanayi. Da gaske suna da hannu? Kuma kuɗin zai iso gare mu?

Amsa: Allah Ya mayar maka da alheri, Malam. Hannu kam suna da shi dumu-dumu. Hayaƙin kwal da fetur da gas ne ke ɗumama duniya, iska mai ɗumi kuwa ta fi ɗaukar danshi, shi ya sa ruwan da ya saba sauka a sati yanzu yakan zubo a dare ɗaya. Amurka kaɗai ta fitar da kusan kashi ɗaya bisa huɗu na wannan hayaƙi tun da aka fara masana'antu. Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin 100 na abin da ake fitarwa a shekara ba. Amma a 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu. Jifa a kasuwa ke nan, ya faɗa kan mai ƙarar kwana.

Maganar kuɗin ce ke ƙona mini rai. A taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a birnin Kopenhagen a 2009, ƙasashe masu arziki suka yi wa ƙasashe masu tasowa alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020. An ce sai a 2022 aka cika shi, kuma mafi yawansa bashi ne. Wato wanda aka yi wa ɓarna shi ake ranta wa kuɗin gyara, har da ruwa a kai. Asusun biyan asara da aka amince da shi a irin wannan taro a Masar a 2022, da aka zo taron Dubai a 2023 alkawarin da aka tara bai wuce dala miliyan 700 da 'yan kai ba, ga duk ƙasashe masu tasowa. Kuɗin kuma ta hannun gwamnatoci da manyan hukumomi yake bi. Don haka kada ka sa rai wani zai kawo maka shi bakin gona nan kusa.

Sai dai ba duka laifin ke ƙetare ba. Tun da aka gina madatsun Tiga da Challawa tafiyar ruwan kogin ta canza, ciyawar kachalla ta toshe magudanai, ruwa ya rasa hanya sai gonaki. Wannan gyaransa a gida yake. Jiharku da ƙaramar hukumarku suna samun kaso daga asusun kula da muhalli na tarayya. Ku haɗu a ƙungiyar manoma, ku rubuta asarar kowa da yawan buhunan da ruwa ya ci, ku kai wa kansila da ɗan majalisarku, ku tambaye su nawa ya shigo bana da kuma wace magudana aka yashe da shi.