Amsa ga Hajiya kan ƙarancin barci da ciwon suga

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Hajiya, na saurari saƙonki. Kin ce maigida ba mai shan zaƙi ba ne, amma sai ƙarfe 1 na dare yake kwanciya, ya tashi da asuba, ga shi an ce sugansa ya fara hawa, kina tambaya ko barci na da hannu. Yana da hannu ƙwarai.

Insulin shi ne sinadarin da ke kwashe suga daga jini ya shigar da shi cikin tsoka. Idan barci bai isa ba, sai jiki ya yi masa kunnen ƙashi, sugan ya daɗe yana yawo a jini. Sinadarin kotisol kuma, wanda jiki ke ƙara fitarwa lokacin damuwa, kuma ya kamata ya sauka da yamma, sai ya ƙi sauka yadda ya kamata, shi kuwa tura hanta yake ta ƙara zuba suga. A 1999, a Jami'ar Shikago ta Amurka, an taƙaita wa samari 11 lafiyayyu barci zuwa awa 4, dare 6 a jere. Saurin kwashe suga daga jininsu ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Da suka rama barcin, abin ya gyaru. To ina ga wanda ya yi shekaru a haka? Ga yunwar dare da rashin barci ke tayarwa, sai ka ga mutum wajen mai shayi ƙarfe 12 yana jiran Indomie da ƙwai.

Baligi na buƙatar awa 7 zuwa 9. A nan Kaduna asuba wajen ƙarfe 5 take, don haka a lissafa baya: ƙarfe 10 a kwanta. Ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan azahar tana taimakawa, amma ba ta biyan bashin dare. Goro, kofi, shayi da lemon ƙara kuzari a daina su daga la'asar, don bayan awa 5 kusan rabin sinadarin hana barci (caffeine) da ke cikinsu yana nan a jini. Tuwon dare a ci shi awa 2 zuwa 3 kafin kwanciya.

Amma abin da na fi so ki lura da shi, Hajiya, minshari ne, don ke kaɗai za ki iya ganewa, shi bai san yana yi ba. Ki saurara. Idan yana minshari mai ƙarfi, sai ya yi shiru ɗif na daƙiƙa 10 ko fiye, sannan ya zabura ya ja numfashi kamar an shaƙe shi, to hanyar iska ce ke rufewa a maƙogwaro. Iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta farkar da shi, ya koma, a sake. Wani sai hakan ta faru sau 30 ko fiye a awa ɗaya. Irin wannan ko awa 8 ya yi a gado, barcin bai yi nauyi ba, sugan kuma zai ci gaba da gardama. Alamunsa: ciwon kai da safe, bushewar baki, gyangyaɗi ana huɗuba ko a kan sitiyari, da hawan jinin da ya ƙi jin magani. An fi ganinsa ga mai tumbi da kaurin wuya. Rage ƙiba da kwanciya a gefe suna taimakawa, mai tsanani kuma likita kan haɗa shi da na'urar CPAP, mai hura masa iska ta hanci yana barci don hanyar ta zauna a buɗe. Don Allah kada a sayo masa maganin barci a kemis, irin su diyazefam suna ƙara sassauta naman maƙogwaro ne, hanyar iskar ta ƙara rufewa.

Wani lokaci kuma sugan ne ke hana barcin. Idan ya haura 180 a mitar gwajin suga, ƙoda kan fara zubar da shi ta fitsari, mutum ya kwana yana zarya banɗaki ga ƙishirwa.

Gwaji kuma, ya je da safe bayan awa 8 bai ci komai ba, ruwa kawai. Daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne. Idan ya kai 126, wato 7.0 a mita mai ƙananan lambobi, kuma aka maimaita wata rana ya sake kaiwa, ciwon suga ne. Ya nemi a haɗa masa da gwajin jini na HbA1c, mai nuna matsakaicin sugansa na wata 3. Shi daga 6.5 ne ake tabbatarwa. Idan za ku ga likita, ki ɗauki minsharin nasa a waya ku tafi da shi.