An ce shimiyo na kashe garkuwar jiki, mu dakatar da shi?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini ce a Garwa. Ƙanena ɗan shekara 27 yana fama da limfoma, wato sankarar ƙwayoyin garkuwar jiki, an ɗora shi kan shimiyo, wato maganin sankara, haɗin da ake kira R-CHOP. Kwana 10 bayan zagaye na biyu na duba NFS ɗinsa, wato gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini, da idona, PNN, wato neutrofil, fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, ya sauko 600. Ga shi an turo wa kawunmu saƙon murya a WhatsApp cewa shimiyo na sa ciwon ya fesa "ekzozom" masu kashe garkuwar jiki, wai gara a tsaya a ba shi maganin ƙarin garkuwa tukuna. Gida ya rabu biyu, barci ya gagare ni. Da gaskiya a maganar?

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya, ya ba ku ladan jinya. PNN 600 a kwana na 10 abu ne da ake sa ran gani. Siklofosfamid da doksorubisin, magunguna biyu na cikin R-CHOP, suna taɓa ɓargo inda ake ƙera ƙwayoyin jini, faɗuwar takan kai ƙarshenta tsakanin kwana na 7 da na 14, sannan ɓargon ya farfaɗo kafin kwana na 21. Dalilin tazarar mako uku tsakanin zagaye da zagaye ke nan.

Batun ekzozom kuwa akwai ƙwayar gaskiya a ciki, shi ya sa ƙaryar da aka naɗe da ita take shiga kunne. 'Yan jakunkuna ne masu girman nanomita 30 zuwa 150 da ƙwayoyin jiki ke fitarwa, na sankara sun fi yawan fitarwa. Wasu na ɗauke da sinadarin PD-L1 mai sanyaya ƙwayoyin garkuwa da ake kira limfosit T, wasu da sinadarin TGF-beta mai rage NKG2D, wato idon da wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira NK suke gane mugu da shi. A limfoma irin ta B, jakunkunan na ɗauke da alamar CD20, wadda rituksimab, ɗaya daga magungunan R-CHOP, ke nema a jikin ciwon, sai wani kaso nasa ya manne musu maimakon ciwon. An kuma gani a ɗakin bincike cewa ƙwayoyin miyeloma, wata sankarar ɓargo, da aka zuba wa maganin bortezomib suna ƙara fesa su.

To, amma wa ke ƙera su? Ciwon ne da kansa. A masu sankarar jini irin ta AML, ana samun ekzozom da yawa a jini ranar da aka gano cutar, su ragu bayan maganin farko ya rushe ƙwayoyin. Wanda ya dakatar da shimiyo don tsoron ekzozom ya bar maƙera tana ci da wuta, ya tafi korar hayaƙi. Raunin da magani ke jawo wa neutrofil na kwanaki ne. Wanda ciwon ke jawowa kullum gaba yake yi.

Maganar nan ta "a ƙarfafa jiki tukuna" ita ce ta fi ƙona wa masu wannan aiki rai, don kusan kowace rana sai an ji ta. Limfoma mai girma da sauri ba ta jiran kowa. Idan aka tsallake zagaye, ƙwayoyin da suka tsira daga allurai biyun farko, waɗanda su ne suka fi taurin kai, sukan samu fili su hayayyafa. Mara lafiya ya tafi da ƙululu ya saɓe, ya dawo bayan wata biyu wuya ya kumbura har haɗiyar yawu na yi masa wuya, ciki ya cika, kuɗin da aka tara don zagaye na uku an kai wa mai robar tsimi da mai lasifika a kasuwa. Wannan ciwo ne da ake warkewa daga gare shi idan an cika zagaye shida a kan kari, kuma saƙon murya ɗaya ya isa ya raba mutum da wannan dama. Babu garin zogale, ko man habbatussauda, ko ƙwayar da ake tallatawa da sunan ƙarin garkuwa da ke ɗaga neutrofil. Abin da ke ɗaga su filgrastim ne, allurar ƙarƙashin fata, likitansa ne zai ce ko yana buƙata. Ga kuma hanta: ita ke fitar da doksorubisin da binkristin na cikin R-CHOP daga jiki. Jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba idan ya taɓa ta, maganin ya taru ya yi ɓarnar da za a ɗora wa shimiyo laifinta. Ki zauna da kawu cikin ladabi, ki nuna masa NFS na kwana na 10 da na kwana na 21 gefe da gefe, ya ga lambar ta hau ba tare da tsimi ba.

Abin da ya cancanci ya hana ki barci a makon nan zazzaɓi ne. A ajiye ma'aunin zafi kusa da shimfiɗarsa, a auna safe da yamma, ba ta dubura ba. Idan ya kai 38.3 sau ɗaya, ko ya tsaya kan 38 na awa guda, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne. A ɗebi jini don NFS da shukar ƙwayoyin cuta da gwajin maleriya, amma a fara antibiyotik ta jijiya cikin awa ɗaya, kada a jira sakamako. Kuskuren da aka saba shi ne a ce "zazzaɓin sauro ne", a ba da farasitamol a kwanta. Farasitamol da firednizon ɗin da ke cikin R-CHOP duka suna ɓoye zafi, mai PNN ƙasa da 500 kuma yana iya faɗawa cikin gubar jini kafin asuba. Rawar ɗari ko ruɗewa ko saurin numfashi, ko babu zafi, hukuncinsu ɗaya.

A tafasa ruwan sha, a ajiye nonon da ba a dafa ba da ɗanyen ganye da tsiren bakin titi, masu zuwa dubiya da mura su yi gaisuwa daga ƙofa. Kada a yi masa rigakafin shawara yanzu.

Tunda ke ta ɗakin gwaji ce, duba fayil ɗinsa ki ga ko an yi masa AgHBs da anti-HBc, wato gwaje-gwajen ciwon hanta na B, kafin a fara shimiyo. Ciwon hanta na B ya yi yawa a yankinmu, rituksimab kuma yana share limfosit B na tsawon watanni, ƙwayar cutar hantar da ta kwanta tana iya tashi. Idan ɗayansu ya nuna akwai, ki tuna wa likitansa batun tenofobir ko entekabir, magungunan danne ƙwayar cutar, kafin ranar zagaye na uku.