Amsa: Shin bonsai wani iri ne na daban?

Malam, ka tambaya ko bonsai, wato ƙaramar bishiyar ado da ake reno a tukunya, iri ne na musamman da ba ya girma. A'a, bishiya ce kamar kowace. Abin da ke hana ta tsawo shi ne tukunya marar zurfi da datse saiwoyi duk bayan 'yan shekaru, sannan a rage rassa, a naɗa musu wayar jan ƙarfe don lanƙwasa su, a kwance ta kafin ta ci ɓawo. Bishiyar bonsai da Masaru Yamaki, wani mai renon bonsai ɗan Japan, ya ba Amurka a 1976, tun 1625 ake renonta, ta tsira daga bam ɗin Hiroshima, kuma tana nan da ranta a Washington. A ganina ban ruwa ya fi komai wuya, domin ƙasar tukunyar ba ta jimawa take bushewa.